Dunƙulen Gashi A Cikin Kyanwa: Yaushe Amai Yake Zama Alamar Ciwo?

Tun fil azal Bahaushe ya san kyanwa, amma saninsa da ita bai wuce na maƙwabciya mai zaman kanta ba. Takan kama ɓera a rumbu, ta lashe ragowar tuwo, ta haura katanga ta tafi yawonta, babu mai tambayar inda ta kwana. A 'yan shekarun nan kuwa wata irin kyanwa ta shigo gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, mai dogon gashi kamar an yafa mata bargo, mai gajeren hanci da manyan idanu, wadda ake saye da kuɗi masu kauri, a ajiye ta cikin ɗaki ba ta ko taka tsakar gida. Ita ce ake kira kyanwar Farisa, kuma wajen sanyin hali ita ce kyanwar Lami ta gaskiya, ba ta cizo ba ta yakushi.

Sai dai wanda ya sayi irin wannan mage tana ƙarama ba ya daɗewa sai ya gamu da wani abin da mai sayarwa bai gaya masa ba. Wata rana da asuba zai ji ta tana kakari a lungu, cikinta yana kai yana komowa, in ya duba sai ya tarar da wani abu jiƙaƙƙe a kan darduma, mai tsawon ɗan yatsa, wanda da farko zai zaci kashi ne. In ya tone shi da tsinke sai ya ga gashi ne zalla a cure. In ya tambaya, amsar da zai fi samu ita ce wannan ɗabi'ar kyanwa ce, kada ya damu. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba, kuma maguna da yawa sun mutu saboda masu su sun yarda da ita baki ɗaya.

GASHIN DA YA FI ƘARFIN HARSHE

Kakar kyanwoyin gida duka ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas Ta Tsakiya, dabbar ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, mai gajeren gashi. Dogon gashi daga baya ya ɓullo. A shekarar 2007 masu bincike suka gano cewa canji ne a wata ƙwayar gado da ake kira FGF5, wadda aikinta shi ne ta tsayar da gashi daga ci gaba da tsawo, kuma sai ɗan kyanwa ya gaji canjin daga uwa da uba duka sa'an nan ya fito da dogon gashi. Ana danganta sanin waɗannan maguna a Turai da wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, wanda ya zauna a ƙasar Farisa ya kuma ba da labarinsu wajen shekarar 1620. Da aka yi babban nunin kyanwoyi a Crystal Palace ta birnin Landan a 1871, masu dogon gashi suna cikin waɗanda aka nuna, kuma tun daga lokacin masu kiwo suka dinga zaɓen waɗanda suka fi yawan gashi suna haɗawa, har aka kai ga dabbar da gashinta ya fi ƙarfin kayan gyaran da aka halicce ta da shi.

Kayan gyaran nan kuwa shi ne harshe. Duk wanda kyanwa ta taɓa lasar hannunsa ya ji kaushinsa. Kaushin nan wasu 'yan ƙayoyi ne da ke jere a kan harshen, kowace ta karkata tana fuskantar maƙogwaro, kuma an yi su da keratin, watau sinadarin da aka yi farce da ƙaho da kofato da shi. A 2018 wasu masana biyu na Jami'ar Fasaha ta Jojiya a Amurka, Alexis Noel da David Hu, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan harsunan dangin kyanwa iri shida, har da zaki da damisa. Sun ƙirga ƙayoyi kimanin 290 a harshen kyanwar gida, tsawon kowace ya ɗan haura milimita 2, kuma kan kowace yana da ɗan rami kamar ludayi wanda yake ɗebo miyau ya kai shi cikin gashi. Abin da ya fi jan hankali cikin binciken shi ne, gashin kyanwar Farisa ya yi kauri da tsawon da ƙayoyin ba sa iya ratsa shi su kai ga fata. Ashe ke nan komai ƙoƙarinta wajen lasa, ba za ta iya tsefe kanta ita kaɗai ba.

Da yake ƙayoyin baya suka fuskanta, gashin da ya maƙale a harshe ba ya tofuwa, dole sai haɗiya. Kyanwa kuwa takan kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da take farke tana lasar jikinta. Ruwan ciki ba ya narkar da keratin, saboda haka gashin yakan bi hanji ya fita tare da kashi yadda ya shiga, kuma wannan ita ce hanyarsa ta ƙa'ida. Amma idan ya yi yawa, ko ya yi tsawo, ko kuma tumbi bai tura abin da ke cikinsa da ƙarfin da ya kamata ba, sai silin gashi su riƙa sarƙewa da juna, su haɗu da majina da maiƙon abinci, su zama curi wanda ƙofar da ke tsakanin tumbi da hanji ba za ta iya wucewa da shi ba. A jikin kare da mutum akwai wani motsi mai ƙarfi da tumbi yake yi tsakanin cin abinci da cin abinci, yana share ragowar da ba ta narke ba. A jikin kyanwa wannan shara ba ta da tsari irin na kare. Curin yana nan yana gogar bangon tumbi har ranar da za ta amayar da shi. A ciki dunƙulalle ne, wucewarsa ta maƙogwaro ce take miƙar da shi ya fito kamar ɗan yatsa.

Mahauta sun san ɗan'uwan wannan abu, domin sukan tarar da curin gashi a tumbin maruƙa masu lasar juna. Sunan da likitoci suke kiran irin wannan curi da shi ma, watau bezoar, daga harshen Farisanci ya samo asali, da ma'anar makarin guba, saboda a da sarakuna sun ɗauka duwatsun da ake samu a cikin awakin dutse suna karya dafi, har sukan saye su da tsadar gaske.

Zaman ɗaki yana ƙara wa al'amarin nauyi ta hanyoyi biyu. Tsawon yini ne yake gaya wa jikin dabba lokacin zubar da gashi, to amma magen da ke kwana ƙarƙashin fitilar lantarki takan yi ta zubarwa kaɗan kaɗan duk shekara. Sa'an nan dabbar da aka halitta don farauta, idan aka kulle ta daga safe zuwa la'asar masu gida suna ofis yara suna makaranta, ba ta da abin yi sai barci da lasa.

SAU NAWA NE YA YI YAWA?

Wata likitar kyanwoyi a birnin Oksfod na Ingila, Martha Cannon, ta yi nazarin wannan tambaya ta buga shi a 2013. Ta samu cewa cikin maguna masu gajeren gashi kimanin ɗaya cikin 10 ce take amayar da dunƙulen gashi a kai a kai, a wajen masu dogon gashi kuwa adadin ya ninka biyu. Idan mai karatu ya juya lissafin zai ga abin da ke ciki: ko a cikin masu dogon gashin, mafi yawansu ba su da wannan matsala. Saboda haka magen da take amai kowane mako ba ɗabi'ar jinsinta take nunawa ba. Ko dai tana haɗiyar gashin da ya wuce kima saboda wani abu yana sa ta ƙaiƙayi ko damuwa, ko kuma cikinta ne ba ya aiki daidai. Sau da yawa ma ba gashin ne ya jawo aman ba. Wani ciwo ne ya jawo shi, gashin da ke tumbi ya biyo kawai, mai kyanwa ya gan shi ya ɗora masa laifi.

A wannan shekarar dai wani likita a birnin San Antoniyo na jihar Tekzas, Gary Norsworthy, da abokan aikinsa suka ba da rahoto a kan kyanwoyi 100 masu yawan amai ko zawo ko rama, waɗanda hoton ciki ya nuna bangon hanjinsu ya yi kauri. Da aka yanko tsokar hanjin aka duba, sai aka sami ciwo a jikin 99, kusan rabi kumburin hanji mai daɗewa, kusan rabi kuma ciwon daji. Wajibi ne a faɗi cewa yawancin waɗannan tsofaffi ne, kuma da ma an zaɓe su ne don alamun ciwo sun bayyana gare su, don haka mai 'yar mage mai wata takwas ba shi da dalilin tsorata da ciwon daji. Darasin binciken dai shi ne, aman da ya zama jiki ba a barinsa da sunan al'ada.

Ga ƙaramar kyanwa ma maganar ta fi ƙarfi. 'Ya'yan kyanwa ba su iya lasa sosai ba, gashin ƙuruciya kuma bai kai na manya yawa ba, don haka dunƙulen gashi bai cika damun su ba kafin su tasa. Idan mage mai wata huɗu ko shida tana amai ko zawo, akwai abubuwan da ya kamata a fara tuhuma kafin gashi.

Na farko tsutsar ciki. Akwai wata doguwar farar tsutsa da 'ya'yan kyanwa suke sha cikin nonon uwarsu, saboda haka ko magen da ba ta taɓa fita ba tana iya zuwa gida da ita daga wajen mai kiwo. Alamarta kumburin ciki, rashin ƙiba, gashi mara sheƙi, wani lokaci ma a gan ta cikin amai. Ƙa'ida ita ce a fara ba da maganin tsutsa tun daga mako 3 da haihuwa, a maimaita kowane mako biyu har a yaye, sa'an nan kowane wata har zuwa wata 6. Ƙwan wannan tsutsa yana iya shiga jikin yaron da ya yi wasa da kashin kyanwa ya kai hannu baki, don haka maganar ba ta dabba kaɗai ba ce. Ƙuma kuma laifinta biyu ne: tana sa ƙaiƙayi mage ta ƙara lasa, kuma idan ta haɗiye ƙumar takan kamu da tsutsa mai faɗi, wadda ake ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. A cikin gashin kyanwar Farisa ƙuma tana ɓuya sarai, sai an sa mataji mai ƙananan haƙora an ga baƙin garin kashinta. Haka nan wannan jinsi ya fi sauran kamuwa da makero, wanda yake sa gashi karyewa, kuma yana kama yara.

Na biyu madara. Mutane da yawa sun ɗauka madara ce abincin kyanwa, alhali bayan yaye jikinta yakan rage yin sinadarin da ke narkar da sukarin madara, sai shan ta ya zama zawo. Canza abinci farat ɗaya ma haka yake yi. Wanda abincin gwangwani ko na buhu ya ƙare masa, ko ya yi masa tsada ya koma wani iri, ya kamata ya gauraya sabon da tsohon yana ƙara sabon a hankali har kwana 7. Tuwo da shinkafa kuwa ba sa riƙe kyanwa, domin ita maciyar nama ce ta tilas. Akwai wani sinadari mai suna taurin da take samu daga nama kaɗai, wanda aka tabbatar a 1987 cewa rashinsa yana lalata mata zuciya. Ragowar miya ma akwai haɗari, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini.

Na uku, wanda ya fi kisa cikin gaggawa, shi ne zare. Ƙaramar kyanwa ba ta ganin abu mai tsawo ta ƙyale: zaren ɗinki, har da allurarsa, zaren kitso, gashin kanti da ake ƙari da shi, robar ɗaure kuɗi, igiyar buhu. Ƙayoyin harshen nan da ke hana ta tofar da gashi su ne ke hana ta tofar da zare. Sau da yawa bakin zaren yakan naɗe a gindin harshe, ragowarsa ta wuce hanji. Hanjin yana ƙoƙarin tura shi, shi kuwa yana ɗaure, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar wando a jikin mazagi, zaren ya riƙa yankansa har ya huje. Wanda ya ga zare yana leƙowa daga bakin magensa ko duburarta, kada ya kuskura ya ja. Wannan aikin tiyata ne, kuma sa'o'i kaɗan suna iya raba rayuwa da mutuwa.

Akwai kuma wata annoba ta 'ya'yan kyanwa mai kawo zazzaɓi da amai da zawo mai tsanani, wadda ƙwayarta take iya rayuwa a ƙasa har shekara guda, a kuma shigo da ita ɗaki a tafin takalmi. Allurar rigakafinta ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har mako 16. Zaman ɗaki ba ya ɗauke bukatar wannan allura.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar tari a matsayin kakarin amai. Magen da ta durƙusa ta miƙe wuya kusa da ƙasa tana fitar da wani busasshen sauti, ba tare da komai ya fito ba, mai yiwuwa asma ce take damunta. Gashi tumbi yake zuwa, ba huhu ba. Hayaƙin turaren wuta, da na maganin sauro, da ƙurar hunturu duk suna tayar da ita, kuma jinsin da hancinsa ya riga ya gajarce ba shi da sararin numfashi mai yawa.

MAGANIN DA YA FI CIWON

Babban abin takaici shi ne yawan magunan da ba ciwo ne yake kashe su ba, tausayin mai su ne. Farasitamol, wanda ba a rasa shi a kowane gida, guba ce ga kyanwa, domin hantarta ba ta da hanyar sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta, dasashinta ya yi duhu, fuskarta ta kumbura. Maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da fametirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gona da wasu suke shafa wa dabba, mage za ta lashe su ne kawai. Ɗura mata mai ta baki don ya sulɓe gashi shi ma ganganci ne, musamman farin man nan na sassauta ciki wanda ba shi da ɗanɗano, domin takan shaƙe shi ya faɗa huhu ya zama ciwon da ya fi na farko wuyar magani.

Abin da yake aiki ba shi da tsada, sai dai yana son naci. Gashin da mataji ya cire ba zai shiga ciki ba. Kyanwa mai dogon gashi tana bukatar a taje ta kowace rana, minti 5 zuwa 10, da matajin ƙarfe mai kaiwa har fata, a kula da hammata da ciki da bayan kunne da cinyoyi inda gashi ya fi cukurkuɗewa. Gara a saba mata tun tana 'yar wata biyu ko uku, a yi kaɗan a bar ta kafin ta gaji, a bi da ɗan abin da take so, domin babbar magen da ba ta san mataji ba kokawa ake yi da ita. Inda gashi ya riga ya daskare ya manne da fata kada a sa almakashi, fatar kyanwa siririya ce kuma takan shige cikin curin. A kai wa wanda yake da injin aski. Rage mata gashi gaba ɗaya da bazara ba laifi ba ne, in dai ba a aske har fata ba.

Wajen ciyarwa, ƙaramin abinci sau huɗu ko biyar a yini ya fi babban kwano sau ɗaya, domin tumbi ya fi saurin juye kaɗan, kuma mai haɗama ba ta samun damar cika ciki ta dawo da shi. Ruwa yana da muhimmanci ƙwarai. Da yake asalinta dabbar ƙasa mai fari ce mai samun ruwa daga naman da ta kama, kyanwa ba ta cika jin ƙishirwa ba, don haka wadda ake ba busasshen abinci zalla takan zauna cikin ƙarancin ruwa, kashinta ya yi tauri, gashi ya rasa abin da zai tafi da shi. Jiƙaƙƙen abinci, da kwanon ruwa fiye da ɗaya nesa da wurin bayan gidanta, suna taimakawa, balle da hunturu. Akwai abincin da aka ƙara wa harza don ya kwashe gashi zuwa hanji, akwai kuma wani man lasa mai ɗanɗano da ake sayarwa don haka. Duka biyun suna da amfani ga magen da likita ya duba ya ga ba ta da wani ciwo, amma abincin yawanci na manya ne, ba a ba mai tasowa sai da shawara, man kuma ba a haɗa shi da abinci kullum don yana iya tare wasu bitamin. Wasa ma magani ne: rabin sa'a a yini da ƙwallo ko gashin tsuntsu a kan sanda yana rage lasar zaman banza, muddin an ɓoye duk abin da ke da igiya bayan an gama.

Alamun da ba a kwana da su kuwa sanannu ne: amai sau da yawa a yini ɗaya, kakari ba tare da komai ya fito ba, jini a amai ko kashi, ciki mai tauri da ba ta yarda a taɓa, rashin kashi kwana biyu, laushi da ɓuya a lungu, ko ƙin cin abinci yini guda cur. Ga 'yar ƙarama ko yinin ba a jira, domin ruwan jikinta yana ƙarewa da sauri. Babbar mage mai ƙiba kuma idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta ya zama wani ciwon dabam. Dunƙulen gashi kansa, ko da yake ba kasafai ba, yana iya wucewa ya toshe ƙaramin hanji ko ya tsaya a maƙogwaro, kuma a nan sai an ciro shi da na'ura ko an yi aiki.

Jihohi suna da asibitocin dabbobi, ko da yake aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji. Asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen ƙananan dabbobi, akwai kuma likitoci masu zaman kansu a manyan birane. Ya kamata mai kyanwa ya san inda zai nufa tun kafin daren da bukata za ta taso. Idan zai je, ya tafi da katin rigakafi, da sunan abincin da take ci, da ɗan kashinta na ranar a cikin leda. Ya rubuta ranakun da ta yi amai da abin da ya fito, in da hali ya ɗauki hoton bidiyo na kakarin da wayarsa, domin da shi likita zai bambance tari da amai, abin da mage ba ta cika yi a gaban baƙo ba.